Kakan Aro a Dubai

Ba zan tsaya ba ku labarin yadda na bar gida ba. Kowa ya san yadda ake yi: a sayar da abin sayarwa, a yi sallama, a hau mota. Sunana Garba, mutumin Kura, noman rani na gada, tumatir da albasa. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban ƙarasa ba, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri. Abin da ya zaunar da ni rubuta shi jikata ce, Hanne. An haife ta ina Dubai, ta yi wayo ina Dubai, har ta fara zuwa Islamiyya, amma in aka miƙa mata waya aka ce ga kakanki, sai ta ɓuya a bayan zanin matata. Duk wahalar da na sha a ƙasar nan babu wadda ta ci mini rai kamar wannan.

Zangona na farko Al Quoz. Ejan ɗin da ya yi mana biza a Kano cewa ya yi gadi zan yi a babban kanti, cikin sanyin esi, da yunifom mai maɓalli. Da muka sauka, wata farar bas ce ta kwashe mu, ta wuce dogayen benayen nan da ake nunawa a waya, ba ta ko rage gudu ba, ta sauke mu a unguwar da babu komai sai sito da ƙura da manyan motoci. Aikin kuwa dakon kwalayen tayil. Na kira lambar ejan, ta daina shiga. Har yau ba ta shiga.

Ɗakinmu gadaje ne masu bene, kowa ya rataya tawul a gefen nasa don ya samu sirri. Akwai 'yan Bangladash, akwai 'yan Nepal, da wani ɗan Uganda mai yawan tari. Zafi kuwa, wanda yake ganin ya san rana saboda ya yi ban ruwa a Kura cikin bazara, ya zo nan ya gani. Iskar ma sai ka ji kamar daga bakin tanda take fitowa. Larabcin da na koya wajen fomanmu kalma uku ne: yalla, wato yi sauri; shwaiya, a hankali; khalas, an gama. Su ma yalla ta fi yawa.

A nan na koyi rufe baki. Ni a gida mai barkwanci ne. In na zauna a rumfar mai shayi ba a tashi da wuri, Barebari da Fulanin garinmu duk sun san bakina. To wata rana a ɗaki na ga wani ɗan Bangladash yana ta gyaran gashi a gaban ɗan madubi, sai na fizge matajin na yi kamar ina taje sanƙona. Wallahi wasa nake. Mutumin nan ya shaƙe mini wuyan riga, aka taru, foman ya zo yana nuna mini ƙofa yana cewa Najeriya, Najeriya. Ran nan na gane cewa wasa a inda ba a san ka ba faɗa ne. Na naɗe nawa na ajiye. Gaisuwa, aiki, salla, barci. Shi ke nan.

Ina wannan wuri aka kira ni aka ce 'yar farina ta sauka, an samu mace. A hoto na ci suna. Na sayi dabino na raba wa 'yan ɗaki, har da mai matajin. Ya karɓa, ya dafa ƙirji, ya ce mabruk, wato barka.

Kamfanin ya zo ya durƙushe, aka miƙo mana fasfo ɗinmu aka ce kowa ya nemi inda zai kama. Zangona na biyu Ras Al Khor ke nan, inda ake sayar da kayan gyaran mota. Na shiga wani masallaci sallar azahar, da na zo miƙewa daga sujada bakina ya kuɓuce na ce wayyo bayana. Ana sallamewa wanda ke gefena ya juyo.

"Masa, kai Bahaushe?"

Awudu ke nan, ɗan zangon Kumasi, yana aiki a wani ɗan gidan abinci. Hausarsa irin ta Gana ce, kowa masa ne ko chale a bakinsa, wato maigida ko aboki, mace ma sai ya ce ya zo, ya tafi. Bai tambaye ni ko ɗan wane ne ni ba. Ya ja ni ya zuba mini shinkafa da wake irin tasu, mai ja, da yaji baƙi ƙirin, ya tsaya a kaina har na cinye. Da yamma ya kai ni Satwa, inda suke haya su da yawa a fulat ɗaya, ya ce wa sauran, "Wannan yayana ne daga Najeriya, zai kwana nan." Aka ba ni wuri. Shi ya haɗa ni da masu loda injinan mota a kwantena, kayan 'yan kasuwar Kano da ke zuwa saro. Wasunsu mutanen kirki ne. Wasu kuwa sai ka gama yi musu lodi su ce Baba Allah ya yi albarka, su shige tasi. Na yi wannan aiki har ranar da wani giyabos ya goce a hannunmu, bayana ya amsa. Na yi kwanaki ba na iya ko ɗaura takalmi. Awudu ne yake shafa mini man zafi yana yi mini tsiya.

"Masa, kai tsoho ne fa. Bar ƙarfe ga yara."

Shi ne dai ya sake samo mini aikin da nake yi yanzu, gadi da wankin motoci a gindin wani bene kusa da Satwa. Ka ga ashe gadin da ejan ya yi mini alkawari yana nan, hanya ce kawai ta yi tsawo.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan kira gida, irin kiran da ake ganin juna. Matata Hajara ta riƙe waya, mu gaisa, ta ba ni labarin gona da na wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Sai ta ce, "Hanne, zo ga kakanki." Yarinyar tana yawan zama wajenta, don gidan iyayenta ba nisa. Sai in gyara zama in ce, "Hanne, kina lafiya? Ya makaranta? Ki dage da karatu kin ji." Ba ta amsawa. Ido ɗaya nake gani ta bayan zani, can sai ya ɓace.

Hajara ta taɓa ce mini, "Malam, kai ma kana yi mata magana kamar hedimasta."

Na ce to yaya zan yi mata? Na aika 'yar tsana, na aika takalmi mai wuta a dunduniya. An ce tana sa shi tana zaga unguwa, in an tambaye ta wa ya saya mata, sai ta ce mutumin cikin waya. Ba kaka ba. Mutumin cikin waya.

Ana cikin haka manajan bene ya ce kwantiragina ya kusa ƙarewa, in yi shawara ko zan sabunta. A raina na riga na gama, zan sabunta. Na ce in na koma me zan tarar? Gona ba ƙarfin yi, jika ba ta san ni ba. Gara in zauna inda aƙalla takalmi yake fita daga hannuna.

A benen akwai wasu 'yan Zariya a hawa na sama, Injiniya Kabiru da matarsa Malama Asma'u, ma'aikaciyar jinya. Suna da 'ya ɗaya, Afnan, sa'ar Hanne, a nan aka haife ta. Mutane ne masu mutunci. Ran Juma'a sukan sauko mini da tuwo miyar kuka a kula, yarinyar ce ke riƙo murfin. Tana jin Hausa sarai, amsawa ce sai ta gauraya da Turanci.

Wata safiya ina goge motar Malama Asma'u sai ta tsaya tana juya makulli a hannu.

"Baba, wata alfarma na zo nema, amma ina jin nauyi."

"Faɗi, 'yata."

"Makarantar su Afnan za su yi ranar kakanni. An ce kowane yaro ya zo da kakansa."

Na ce, "Ranar me?"

"Ranar kakanni, Baba."

"Kakanni kuma har sai an yanka musu rana? Sauran ranakun ina ake kai su?"

Ta yi dariya. Ta ce mahaifinta ba shi da lafiyar hawa jirgi, iyayen Injiniya kuwa sun rasu. Makaranta ta ce wanda ba shi da kaka a kusa ya zo da duk wani dattijo da ya saba da shi. Aka tambayi Afnan, ta ce Baban ƙasa take so. Ni ke nan.

Na so in ƙi. Ni da tawa jikar ke guduna, ina ni ina kakancin 'yar wasu? Amma na ci tuwon mutanen nan da yawa. Na ce to.

Awudu ya kai kaftanina ɗaya tilo wajen wani tela a Satwa aka kama mini aljihun da ya yage, ya goge shi da kansa, ya ara mini hularsa. Yana ta kallona yana girgiza kai.

"Chale, yau kai babban mutum. Kar ka je ka ce musu yalla yalla."

Makarantar sanyi kamar cikin firij. Aka shigar da mu wani ɗaki mai ƙananan kujeru, aka kawo wa tsofaffi manya. Akwai wata tsohuwa 'yar Indiya da jan ɗigo a goshi, akwai wani Bature da gajeren wando, gwiwoyinsa duk a waje, da wasu Larabawa. Amma abin da ya tsayar da ni kujerun da ke jere a gefe ne. Babu mutane a kansu. Wayoyi ne da allunan kwamfuta aka jingina, a cikin kowanne da fuskar tsoho ko tsohuwa, daga ƙasashensu, suna leƙe. Wani bakinsa na motsi amma ba a jin sa. Wata hotonta ya daskare tana murmushi. Yaran kuwa sai su zo su ɗaga musu hannu a tsaye ƙiƙam, su ruga.

Malamar ajin, 'yar Filifin ce, ta tsaya ta yi bayanin inda ranar ta samo asali. Malama Asma'u na gefena tana fassara mini a hankali. Wai a Amurka aka fara. Wata mata ce, ita ma uwar 'ya'ya da yawa, take zuwa gidajen da ake ajiye tsofaffi, ta ga wasunsu sai su yi wata da watanni ba wanda ya leƙo su, ba ɗa ba jika. Abin ya dame ta. Ta yi ta bin hukuma har aka ware rana guda a watan Satumba, don yara su je wajen kakanninsu, su zauna, su ji abin da ke bakinsu tun suna da rai. Daga baya wasu ƙasashe suka ɗauka, kowa da tasa ranar.

Da farko raina cewa ya yi, Allah sarki, mutanen da suka kwashe tsofaffinsu suka kai ajiya, dole su nemi rana. Mu ina ruwanmu. Kakata Iya a ɗakinta na girma. A ƙarƙashin gadonta akwai kwalla, a cikin kwallar akwai ƙuli-ƙuli da ba wanda ya san da shi sai ni. Ban gama wannan fahariyar ba idona ya koma kan kujerun nan. Na ga wani tsoho a cikin waya, da farin gemu kamar nawa, yana ta kiran wani yaro da ya juya masa baya. Tsofaffin da matar Amurkan nan ta gani, 'ya'yansu ne suka kai su. Ni da ƙafata na kawo kaina. Amma zaman ɗaya ne.

Aka ce kowane yaro ya kai wa kakansa abin da ya shirya. Afnan ta taho a hankali, da furen takarda shuɗi a hannu ɗaya, a ɗayan kuma biskit da ta shafa wa wani abu mai launi, duk ya dagule. Ta tsaya a gabana, an yi mata kitso da ƙananan duwatsu, ta miƙo da hannu biyu yadda uwarta ta koya mata.

Ban san yadda aka yi ba. Ina ganin yarinyar nan a tsaye da abinci a hannu, bakin Iya ya fito ta bakina. Abin da na naɗe tun Al Quoz ya kwance da kansa.

Na ce, "A'a. Wannan ce amaryar da aka ce an yi mini? Kai, an cuce ni. Dubi hanci kamar an taka gurasa. Wannan abin ke kika dafa? Ai ko akuyar gidanmu ba ta ci. Na fasa, a mayar da ita gidansu."

A Kura, yarinya 'yar kamarta kafin ka rufe baki ta rama. Afnan kuwa ta tsaya tana kallona. Leɓenta na ƙasa ya fara rawa. Furen ya faɗi. Sai kuka, mai ƙarfi, irin na wanda aka ci amanarsa.

Baturen nan ya juyo. Malamar ta taho da sauri, fuskarta ba wasa. Ni kuwa ba abin da ya faɗo mini sai hannun mai mataji a wuyan rigata. Na ce shi ke nan, Garba, ka sake. A ƙasar nan mai gadi ya sa 'yar mutane kuka a makaranta, ba sai an gaya maka inda maganar za ta ƙare ba.

Na juya wajen Malama Asma'u in ba ta haƙuri. Na tarar ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Dariya take, ga hawaye kuma. Ta yi wa malamar magana da Turanci, ta daɗe tana yi, ina jin tana cewa Hausa, Hausa. Sannan ta durƙusa gaban 'yarta.

"Afnan, share hawayenki. Ba zaginki ya yi ba. Haka kakanni suke yi a gida. Ni ma kakana ce mini yake ƙafafuna kamar na zalɓe. Wanda kaka ya fi so shi ya fi tsokana. Ke ma ramawa za ki yi."

"In zage shi?"

"Shi kaɗai. Ba ni ba, ba Abbanki ba. Shi an yarda."

Yarinyar ta ja majina, ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, kamar mai neman inda za ta kama. Can ta ce, "Kai ma tsoho ne. Haƙorinka babu a nan."

Na ce, "Ɓera ya cinye. Ke kika aiko shi."

"Kuma kanka ba gashi. Na gani ranar da kake wanke mota."

Na cire hular Awudu na sunkuyar mata da sanƙon. Ta sa yatsa ta taɓa, sai dariya ta ƙwace mata. Sauran yaran ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma sanƙo ba ya bukatar fassara. Kafin in ankara sun kewaye ni, hula ta tafi yawo. Na cinye biskit ɗin ina yamutsa fuska, tana tsalle tana cewa ai ka ci, ai ka ci.

Malamar ta ce in yi wa mutane bayani. Ni ba mai jawabi ba ne. Na ce wa Malama Asma'u ta gaya musu: a wajenmu uba da uwa akwai kunya tsakaninsu da ɗa, 'yar farina ko sunanta ba na kamawa. To yaro yana bukatar babba guda ɗaya a gida wanda ba ya jin tsoronsa, wanda zai ja wa gemu ya kwana lafiya. Aikin kaka ke nan. Ban ƙara ba.

A mota muna dawowa Afnan ta yi barci da hular a hannu. Malama Asma'u ta ce, "Baba, ka san Babana ma in ya kira, ya makaranta kawai yake ce mata. Shi da ba wanda ya kai shi tsokana a gidanmu. Ni ban ma lura ba sai yau."

Maganar Hajara nake ji, ta hedimasta.

Juma'a ta zo. Na sauko daga masallaci, na zauna a inuwar bene, na kira. Muka gaisa da Hajara. Ta ce, "Hanne, zo ga kakanki." Na ga ido ɗaya ta bayan zani, kamar kullum.

Na ɗaga murya na ce, "Bar ta, kar ki kira ta. Ni na ji labari. An ce ƙazama aka ajiye mini a gidan nan, ko kunu ba ta iya damawa ba. Ni na fasa."

Hajara ta ɗago ta kalle ni. Sai ta ɗan karkata wayar.

Sai wata 'yar murya daga bayan zani: "Na iya."

"Ƙarya ne. An ce gudaji ne zalla."

"Wallahi na iya. Tambayi Inna." Hajara take nufi.

"Ba na tambayar kowa. Fuskar ma an ɓoye ta saboda muni."

Zanin ya motsa. Ta fito gaba ɗaya, ta riƙe ƙugu. Ranar na fara ganin fuskar jikata tana kallona, ba a hoto ba. Goshin Iya ne sak. Kuma ashe Hajara ta horar da ita da kyau, don ba ta yi ko inda-inda ba.

"Kai ne mummuna. Gemunka kamar na bunsurun Malam Audu."

"Ni?"

"Kai. Kuma takalmin da ka aiko wutar ɗaya ta mutu. Tsohon banza mai sayen abin banza."

Hajara na dariya har wayar na rawa. Ni ma dariyar nake, amma sai da na ɗauke kai na kalli motoci na ɗan lokaci. Muka yi ta yi da ita har kuɗin wayar Hajara ya kusa ƙarewa. Da za a kashe, Hanne ta matso da fuskarta har hancinta ya cika gilashin.

"Kaka."

"Na'am."

"Ni ba na faɗa da wanda yake ɓuya a cikin waya. In ka isa ka fito."

Ranar Litinin manaja ya kira ni ofis, ya ce yaya maganar kwantiragi. Na ce masa khalas. Ya ce me ya faru, albashi ne, ko wani ya ɓata mini rai? Turancina bai kai in yi masa bayani ba. Sai kawai na ce masa akwai wadda take jirana da faɗa a gida, kuma ba na so a ce na gudu.